Jirgin Hajiya ya koma Lahadi, tikitin jirgin ƙasa kuma na Asabar ne

Maman Hanifa, Lids: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a Ingila ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Mahaifiyata za ta taso daga Abuja, an tsara za ta sauka filin jirgin saman Heathrow na Landan safiyar Asabar. Tun makonni shida da suka wuce na sayi tikitin jirgin ƙasa guda uku mai rangwame, wanda ake ce wa Advance: ɗaya na tafiyata Landan da asuba, biyu na dawowarmu Lids daga tashar King's Cross ƙarfe 2 na rana. Fam 74 na kashe. Yanzu an ɗage tashin jirginta zuwa Lahadi. Na shiga manhajar da na saya, sun ce ba a mayar da kuɗi. Maƙwabciyata ta ce in haƙura kuɗin sun tafi, wata kuma ta ce ai tikiti wata guda yake yi. Wanne ne gaskiya? Sannan ina so a dawowa mu sauka Wakefield, kafin a kai Lids, wajen ƙanwar Hajiya, ko akwai matsala?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Ai ba komai, ki riƙe abinki ki hau ranar Lahadi. Ni na sha dawowa daga Landan bayan mako biyu da tikiti ɗaya, ba wanda ya taɓa ce mini uffan.

Baban Amira, Shafil: Abu Safwan, kada ka jefa baiwar Allah cikin tara. Naka Off-Peak Return ne, wato tikitin zuwa da dawowa, shi ne ɓangaren dawowarsa ke yin wata guda. Nata daban ne.

Maman Hanifa, ki ɗauki Advance kamar tikitin jirgin sama. Arahar da aka yi miki, an yi ta ne don kin yarda za ki hau jirgi kaza, rana kaza, ƙarfe kaza. Na gabansa ba naki ba ne, na bayansa ba naki ba ne, balle na washegari. Kuma in ke ce kika fasa tafiya ba a mayar da kuɗi, ko da dalilinki ya fi ƙarfinki. Jinkirin jirgin sama ba ruwan masu jirgin ƙasa da shi.

Amma maƙwabciyarki ma ba ta faɗi daidai ba, kuɗin ba su tafi ba tukuna. Ana canza rana da lokaci, muddin jirgin da aka rubuta bai tashi ba. Sukan caji har fam 10 kan kowane tikiti, wasu kamfanonin suna yafewa, sai ki cika bambancin farashi in sabon ya fi tsada. In ya fi araha ba za su mayar miki da rarar kuɗin ba. Tashar hawa da ta sauka kuma ba sa canzuwa. Wajen da kika saya nan za ki canza, kuma ki yi shi yau, domin kujerun arahar ƙididdigaggu ne, ana ƙaratowa suna ƙarewa. Na asubar nan in kika bari ya tashi, shi ke nan, takarda ce kawai.

Ki fara yin lissafi dai. In tikitin tafiyarki bai kai fam 10 ba, cajin canji kuma fam 10, sayen sabo ya fi miki.

Abu Safwan: Allah ya ba da haƙuri, na ɗauka duk ɗaya ne.

Anti Nas, Bamingam: Ƙanwata, ni abin da ya tsaya mini shi ne ƙarfe 2 ɗin nan. Bara na je tarbar surukata, saukarta da wuri ce, amma layin jami'an shige da fice da jiran kaya suka cinye mana kusan awa uku. Ga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly daga Heathrow zuwa King's Cross kusan awa guda, ga akwatuna cike da kuka da daddawa, ga tsohuwa ba ta son matakala mai tafiya. Mun iso jirginmu ya wuce da minti 20. Na hau na gaba ina ganin ai za a tausaya. Mai duba tikiti ya saurare ni tsaf, cikin ladabi, sannan ya sayar mini da sabbi biyu kan cikakken farashi. Har yau ban gaya wa maigida nawa ba ne. Ki zaɓi na yamma, ku zauna ku sha shayi ku yi salla. Jira a tasha ba ya cin kuɗi.

Baban Amira: Anti, ke ma an yi miki da sauƙi. A layukan da ake yanke tara, tun Janairun 2023 fam 100 ce a Ingila bayan kuɗin tikitin, tana komawa 50 in an biya cikin kwana 21.

Maganar Wakefield na manta. A ƙa'ida Advance bai yarda a sauka kafin tashar da aka rubuta ba, haka ma hawa daga tsakiya. Na san abin ba ya shiga hankali, ka biya tafiya mai nisa ka yi gajera a ce ka yi laifi, amma haka sharaɗin yake. Ku ƙarasa Lids, ko ki sayi sabon na dawowa mai sunan Wakefield.

Maman Hanifa: To yaushe ne ma ake mayar da kuɗin?

Baban Amira: In laifin daga gare su ne. Suka soke jirgin ko ya yi jinkiri kika fasa tafiya, kuɗinki cif za su dawo ba a cire komai. In kin fi son tafiya, sai ki hau na gaba na kamfanin, ki dai tambayi ma'aikacin tasha. In kuma kin isa a makare akwai diyyar Delay Repay: minti 30 zuwa 59 rabin kuɗin tikitin, awa guda cikakken kuɗinsa, a nema cikin kwana 28. Mutanenmu da yawa ba sa nema.

Ɗaliba a Bradford: Yaya, kina da katin rangwame na ɗalibai? In kin sa shi a manhaja, ki duba kada a ce duka tikiti biyun aka rage wa kashi ɗaya bisa uku. Katinki ke kaɗai ya rufe. In Hajiya ta kai shekara 60 ana iya yanka mata na dattawa.

Maman Hanifa: Innalillahi, na duba, biyun duk da rangwamen katina ne! Ashe ko jirginta bai canza ba da na sha kunya a gabanta. Na mayar da nawa biyun zuwa Lahadi, na dawowa ƙarfe 5, nata kuma na sayi sabo tunda shekararta 57. Wakefield sai ranar Talata. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, in daddawar ta iso akwai rabonki.