Wani "ejen" ya ce in tura dala 200 zai kai littafina Amurka, dan Allah ya abin yake ne?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, barkanmu da war haka. Dan Allah ina da tambaya, a yi min haƙuri zan ɗan ja ta. Na gama littafina na farko tun bayan ƙaramar sallah, shekara biyu da rabi ina fama da shi, a waya na yi taifin ɗinsa kaf wlh har yatsana ya yi kanta, sai yara sun yi barci nake samun zama, wani lokacin in ga ƙarfe biyun dare ban sani ba. Da Hausa na rubuta, labarin wata ungozoma ce a ƙauye da 'yarta da ta karanci aikin jinya. Na saki babi biyar a WhatsApp mutane suka yi ta yabawa, to shekaranjiya sai ga wani ya min magana ta Facebook da turanci wai shi ejen ne na marubuta, yana da hanya da kamfanonin Amurka, in tura dala 200 kuɗin dubawa da rajista shi zai nemo min mai bugawa. Maigidana ya ce sam shi bai yarda ba, ni kuma raina ya biya gaskiya, dan burina in ga littafin nan da bango na riƙe shi a hannuna. Wai menene aikin ejen ɗin nan takamaimai? Kuma mu masu rubutun Hausa ta ina ake bi a buga littafi yanzu? Na gode.

Malam Na Birmingham:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kar ki tura masa ko sisi, maigida ya fi ki gaskiya a nan.

Ejen ɗin nan ba wani abu ba ne illa dillali, irin dai dillalin gida ko na shanu a kara, sai dai shi hajarsa rubutu ce. Kuma kin san dillali ba ya cin la'ada sai an yi ciniki. A Ingila da Amurka abin da aka saba shi ne kashi 15 cikin 100 na duk abin da ya samo wa marubuci, in kuma ya sayar da haƙƙin fassara ko na bugawa a wata ƙasa yakan kai kashi 20. Misali kamfani ya ba da kafin alƙalami dala 10,000, kuɗin ta hannunsa za su biyo, ya cire 1,500 ya miƙo miki sauran. In bai sayar ba bai ci komai ba, wahalarsa ta tashi a banza. Shi ya sa suke da tsantseni wajen zaɓe, shi ya sa kuma duk wanda ya fara da cewa kawo kuɗin dubawa to ke ce kasuwar tasa, littafin ko buɗe shi ba zai yi ba. Ki tambaye shi ma yana jin Hausa? Ta yaya ya san littafin ya yi kyau?

Dalilin da ya sa ake neman su a can shi ne manyan kamfanonin, irin su Penguin Random House da HarperCollins da Hachette da Macmillan da Simon & Schuster, galibin sassansu ba sa karɓar rubutu kai tsaye daga hannun marubuci, sai ta hannun dillali. To shi ne ya san wace edita ce ke son irin wane labari, shi zai yi ciniki, shi zai bi yarjejeniya layi-layi kar a haɗa da haƙƙin fim da na fassara a kwashe a farashin abu ɗaya.

Kuma marubuci ne ke bin su, ba su ke bin mutane a Facebook ba. Ni na gwada da wani littafi da na rubuta da turanci, bari in gaya miki yadda ake yi. Sai kin gama littafin tsaf tukuna in dai ƙagaggen labari ne, yawanci kalmomi 70,000 zuwa 100,000. Sai ki rubuta wasiƙa shafi ɗaya tak, ki faɗi labarin waye, me yake nema, me ya tare masa hanya, wane irin littafi ne, ke wacece. Ki haɗa da taƙaitaccen labarin daga farko har ƙarshe a shafi ɗaya ko biyu, da babi uku na farko ko adadin shafukan da shi ya ce, dan kowa da ƙa'idarsa. Wasiƙar nan ta shafi ɗaya wlh ta fi babi goma ba ni wahala, sai da na sake ta ya fi sau ashirin. Na tura wa mutum talatin da wani abu. Mafi yawa ko uffan ba su ce ba, kuma a wajensu shirun nan shi ne amsar, wasu suka turo amsa iri ɗaya da suke tura wa kowa, mutum biyu suka nemi cikakken littafin, ɗaya ta riƙe shi wata huɗu sannan ta ce ta ji daɗin rubutun amma ba ta ga inda za ta sayar da shi ba. Yana nan a kwamfuta har gobe. Ko an dace an samu dillali, ya samu kamfani, daga sa hannu zuwa fitowar littafi a kan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kafin alƙalamin ma kashi-kashi ake biya, kuma ba za ki sake ganin kwabo ba sai cinikin littafin ya mayar musu da abin da suka ba ki.

Duk wannan kuma kasuwar turanci ce Hajiya. Littafin Hausa ba ta nan yake bi ba.

Baba Dan Fagge:

Salamu alaikum. Malam ya gama magana kan na turawa, ni bari in fada miki namu na gida yata, dan na buga littafi hudu a shekarun 1990 kafin in koma sayar da yadi.

Mu bamu taba sanin wani dillalin marubuta ba. A da can hukuma ce ke bugawa, tun gasar rubuta labarai da wani Baturen ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933 wadda ta fito da su Abubakar Imam, aka zo Gaskiya Corporation, aka zo kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya (ba na man fetur ba) a 1966, su kuma hankalinsu yafi karkata ga littafin da za'a sa a makaranta dan nan kudin yake, to kai yaro da labarin soyayyarka wa zai saurare ka. Shi yasa daga tsakiyar shekarun 1980 matasa a Kano suka ce bari mu buga abinmu da kanmu, aka kafa kungiyoyi irin su Raina Kama, abinda yan jami'a suka zo suna kira adabin kasuwar Kano, sunan da da yawanmu bamu so ba amma ya bi mu.

Yadda muke yi kuwa, ka rubuta a littafin makaranta mai layi, ka kai wa mai tafireta, ka sayi takarda rim-rim da kudinka ka kai madaba'a, ka biya mai zanen bango. Littafi daya a raba shi na daya na biyu na uku, a yanke na daya daidai inda mai karatu zai kasa barci, kudin na daya shi zai buga na biyu. Sai ka dauka a bayan mashin ka kai wa yan kasuwa a Sabon Gari wajen Bata, su kuma diloli daga Sakkwato da Gusau da Maradi da Damagaram suzo su sara. To anan gizo ke sakar, bashi zaka bayar, sai an sayar a biya ka. Akwai wani mai shago da na kai wa kwafi dari biyar, duk zuwan da zanyi sai ya kawo min lemo mai sanyi da kujera yace Malam kasuwa sai addu'a, alhali ina kallon inda aka jera nawa babu ko daya, shekara guda ina shan lemo. Karshe rabin kudin na karba na yafe sauran. Wasu yan kasuwar kuma sayen labarin suke dungurungum su baka dan abinda ya samu, su buga sau nawa suka ga dama, kai da littafinka sai dai ka ganshi a hannun mutane.

In kina son ki rike shi da bango, abu ne mai yiwuwa ko gobe. Ki samu wanda ya san ka'idar rubutun Hausa ya tace miki, wannan kam ki biya shi dan aiki zai yi, ba wai na raina ki ba, kowa idonsa baya ganin kuskurensa. Ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Dakin Karatu na Kasa, suna da ofisoshi a jihohi. Sannan kar ki buga da yawa, takarda tayi tsada yanzu ba kamar lokacinmu ba, ki fara da dari ko dari biyu, yanzu akwai injinan da ke buga kadan. Dala dari biyun nan da kike shirin ba dan damfara ta isa ta rage miki hanya sosai.

Ummu Sultan:

Anti ni dai shawarata ki sayar a waya kawai ki huta. Baba Allah ya ƙara girma amma yanzu wa ke zuwa kasuwa sayen littafin Hausa, 'yan matan duk a waya suke karatu. Ki saki shafuka kyauta har inda labari ya ɗau zafi sai ki ce daga nan na kuɗi ne, a tura ta banki a turo shaida ki sa mutum a guruf, ko ki ɗora a manhajar sayar da littattafai ta ArewaBooks. Ba ruwanki da kuɗin takarda ba ruwanki da bin bashi. Matsalar ɗaya ce, ɓarayin littafi, mutum ɗaya ta biya ta kwafe ta watsa a guruf goma, wata ma ta cire sunanki ta sa nata, ko ki ji ana karanta shi a YouTube ba wanda ya nemi izininki. Ni an min haka na yi Allah ya isa har na gaji. Kuma duk inda kika ɗora ki ajiye naki kwafin a imel, kin ga dandalin littattafai na OkadaBooks da mutane suka dogara da shi a ƙarshen 2023 aka rufe shi.

Maman Ilham:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi ko yana jin Hausa kamar yadda Malam ya ce, wai ba matsala suna da na'urar fassara, in dai hanzarta dan gurbi biyu ya rage, na toshe shi yanzun nan. Maigida sai dariya yake min. Baba labarin lemon nan ya ba ni dariya ya ba ni tausayi. Amma Malam tambaya ɗaya ta rage, kenan mu namu ba zai taɓa fita waje ba sai mun koma turanci? Ni turancina na asibiti ne da makarantar yara, ba zan iya zuba labari da shi yadda nake ji a raina ba.

Malam Na Birmingham:

A'a Hajiya, kar ki bar harshen da alƙalaminki ya fi kaifi a cikinsa. Yana fita, ta hanyar fassara, sai dai a hankali. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kwikwiyo Ne, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa turanci, kuma kin san wa ya buga? Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Chennai na Indiya mai suna Blaft, a 2012, bayan littafin ya shekara ashirin da wani abu yana yawo a hannun Hausawa. Sai da ya yi suna a gida tukuna aka zo nema.

Ko masu rubutu da turancin ma a Najeriya ba lallai sai da dillali suke farawa ba. Akwai Cassava Republic da aka kafa a Abuja a 2006, akwai Masobe da Ouida da Parrésia a Legas, irin waɗannan sukan buɗe ƙofar karɓar rubutu lokaci-lokaci kai tsaye daga marubuci. Abubakar Adam Ibrahim ɗan Jos, littafinsa da ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016, a Legas Parrésia ta fara buga shi a 2015, sannan Cassava Republic ta fitar da shi a Ingila.

Ke abin da zan ce ki yi, ki sa ido kan gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016 ake yin ta kuma ta mata ce zalla, gajeren labari ake nema ba littafi ba, amma ko cikin waɗanda ake karantawa a rediyo kika shiga sunanki ya je inda WhatsApp ba zai kai shi ba. In kina kusa da Kaduna ko Kano ki riƙa leƙa taron marubuta, reshen ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, na jiharku da bikin littattafan Hausa na HIBAF, a irin wuraren nan ake haɗuwa da masu fassara da editoci ido da ido. Kuma duk ranar da wani ya kawo miki takarda ki sa hannu, ko na gida ne ko na waje, ki duba abu uku, shekara nawa zai riƙe haƙƙin, wane harshe da wace ƙasa, sannan fim yana ciki ko ba ya ciki. Ban yarda da Ummu Sultan ɗari bisa ɗari ba kan a saki duka a waya, dan wasu kamfanonin ba sa son abin da ya riga ya gama yawo, amma tunda babi biyar ne kawai ba komai.

Baba Dan Fagge:

Maganar fim din nan Malam ka tabo min inda ke min kaikayi, amma bari in yi shiru sai wani jikon. Yata in kin tashi bugawa kice ayi miki dinki ba manna da gam kadai ba, na gam din nan zafin Kano na bugunsa shafuka zasu fara zubewa, kuma ki tsaya a gaban injin ki duba kwafin farko da idonki kafin su saki sauran, ni an taba juya min shafi na 40 ya koma bayan na 56 a kwafi dubu.

Maman Ilham:

Toh Baba in sha Allah. Wa kuka sani mai tace rubutun Hausa da ba zai riƙe min shi wata shida ba? Kuma shafi-shafi ake biya ko dungurungum?