Ɗan rakiya: sunan da nake so mu ba bitamin na yara masu ciwon tiroyid

Ƴan uwa, shawara nake nema. A nan Tawa nake aikin jinya, kuma akwai kalmar Faransanci da ke ɗaure min harshe kullum: "traitement adjuvant". Wato abin da likita ke ɗorawa kan ainihin magani, kamar bitamin D ga yaro mai ciwon tiroyid.

Tiroyid dai na bar shi da sunansa. Wasu sun ce a kira shi maƙoƙo, amma maƙoƙo kumburin ne. Shi wannan ƙullutu na gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi, kowa na da shi. Ana haihuwar jariri wuyansa sumul, nasa kuma ba ya aiki, kusan ɗaya cikin jarirai 2,000 zuwa 4,000. Cikin sati biyu na farko ake so a fara ba shi lebotiroksin, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da tiroyid ke samarwa, don kada ƙwaƙwalwarsa ta tauye.

A da "ƙarin magani" nake cewa. Wata rana wata uwa ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalbar bitamin. Ƙwayar lebotiroksin ta safe kuwa ta ƙare tun wata guda, ba ta sake saye ba. Ta ce, "Malama, ai an yi masa ƙari, na ɗauka ya maye wancan." Daren nan ban runtsa ba. Kalmata ce ta ɓatar da ita.

Abokiyar aikina a Yamai ta kawo "mahaɗi". Da daɗin faɗa, amma ina tsoronsa, don mahaɗi tare ake ci, kamar koko da ƙosai. Sinadarin ƙarfe na ƙarin jini da kalsiyom, waɗanda ke cikin siro da yawa na bitamin, suna hana hanji tsotse lebotiroksin. Shi da sassafe ake sha, ciki ba komai, a jira wajen awa 4 kafin a ba da su. Ka ce mahaɗi, sai uwa ta zuba su a cokali ɗaya.

Shi ya sa na tsaya kan "ɗan rakiya". Ba shi ke da tafiyar ba, a baya yake biyowa, kuma idan gwajin jini ya nuna bitamin bai yi ƙasa ba, ba sai an gayyato shi ba.

Jiya na gwada shi a kan wata kaka da ta kawo jikanta. Ta ɗaga ƙwayar ta ce, "To ɗiyata, ashe wannan ce amaryar." Masu aiki a Maraɗi da Damagaram, don Allah ku gwada, ku faɗa min yadda iyaye suka ji shi.