Tagogi sun yi mini yawa a kwamfuta, yaya zan riƙa sauyawa cikin sauri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara don Allah. Aikina shigar da makin ɗalibai ne daga takardar PDF zuwa Excel, ga Word a buɗe, ga Chrome, a kan Windows 10. Duk sanda zan koma wata manhaja sai na sauke wadda nake ciki da maus, in shiga laluben ɗayar a layin ƙasan allo. An ce in danna Alt da Tab, amma ina dannawa sai wani abu ya gifta ya ɓace. Wani lokacin ma tagar Excel kan yi ɓatan dabo, alhali alamarta na nan a ƙasa. Ina matsalar take?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Saurin sakin Alt ne ke jawo haka. Ki ɗora babban yatsan hagu a kan Alt ki danne, kada ki ɗaga, sannan ki taɓa Tab sau ɗaya. Ƙananan hotunan tagoginki za su jeru a tsakiyar allo, ɗaya da layi ya zagaye ta. Duk taɓa Tab layin zai matsa zuwa ta gaba. Ya zo kan wadda kike so, sai ki saki Alt. In kin zarce, ki haɗa da Shift ya koma baya.

Jerin yana bin tagar da kika taɓa a baya-bayan nan ne. Shi ya sa dannawa ɗaya cikin sauri ke kai ki tagar da kika baro yanzu, ki sake dannawa ki dawo. In riƙe Alt na gajiyar da yatsa, Ctrl da Alt da Tab tare zai tsayar da jerin a allo, ki zaɓa da kibiya ki danna Enter.

Amsa ta biyu: Bayanin Malam daidai ne, amma ga mai kwafar maki, kai-komo shi ke jawo tsallake layi, makin wani yaro ya faɗa gaban sunan wani. Gara ki raba allon biyu. Ki shiga tagar PDF, ki riƙe maɓallin Windows, mai hoton taga kusa da Alt, ki danna kibiyar hagu. Za ta manne a rabin allo, sauran tagogi su bayyana a ɗaya rabin, ki zaɓi Excel. Ido na nan, hannu na can, babu sauyawa. Shafukan cikin Chrome kuwa Ctrl da Tab ke zagaya su, Alt da Tab ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya.

Amsa ta uku: Hajiya, maganar ɓacewar Excel ta fi damuna, don nan ne mutane ke kashe kwamfuta da ƙarfi su yi asarar aiki. Tagar tana nan. In an taɓa jona majigi ko allo na biyu, ta kan maƙale a can gefe inda ba a gani. Ki zaɓe ta da Alt da Tab, sannan Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama. In ta ƙi, Windows da P, ki zaɓi PC screen only.

Abin da ya fi yawa shi ne buɗe sabon tebur (Desktop), wato wani filin aiki na daban a allo ɗaya, ba da niyya ba. Mutum zai danna Windows da D, yatsa ya haɗa da Ctrl, sai allo ya koma fayau kamar an share komai, kuma Alt da Tab yana nuna tagogin teburin da kike kai ne kawai. Ki lura da alamar Excel a ƙasa: in babu ɗan siririn layi a ƙarƙashinta, ba ta buɗe a wannan teburin. Windows da Tab zai nuna miki Desktop 1 da Desktop 2 a sama. Windows da Ctrl da F4 na rufe teburin da kike kai, tagoginsa su koma na kusa, ba abin da zai salwanta. Ki kiyaye kada ki danna Alt da F4, wannan manhajar yake rufewa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, a Desktop 2 na same ta. Amma jerin Alt da Tab ya cika da PDF iri-iri, kuma yana nauyi.

Amsa ta huɗu: Edge, manhajar shiga intanet irin Chrome, ke buɗe miki PDF ke nan, shi kuma Windows na sa shafukansa cikin jerin. Ki je Settings, System, Multitasking, a wajen Alt + Tab ki zaɓi Open windows only. Nauyin kuwa, ki danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager mai nuna manhajojin da ke aiki zai buɗe, ki duba layin Memory, wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kowace manhaja ke ci. Kwamfuta mai RAM 4GB, shafukan Chrome da Edge ne suka fi cinye ta, ki rufe waɗanda ba kya aiki da su daga cikin manhajar. Kada ki danna End task a Task Manager a kan Excel ko Word sai kin adana da Ctrl da S, don ba ya tambayar ko za ki ajiye aikin.