Kula da jariri bayan tiyatar zuciya: abin da iyaye mata suka ce

Kusan jariri 1 cikin kowane 100 ana haihuwarsa da matsalar zuciya. Da muka zauna da iyayen da 'ya'yansu suka sha tiyata, tare da wata ma'aikaciyar jinya, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce yadda ake ɗaukar yaro. Likita yakan tsaga ƙashin ƙirji kafin ya kai ga zuciya, kuma ƙashin yana buƙatar kimanin mako 6 kafin ya haɗe. Saboda haka kada a ɗaga jaririn ta hammata. A sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kai da wuya, ɗayan a ƙarƙashin ɗuwawu. Goyo ma a dakata da shi har likita ya ba da izini, ko da kaka ta matsa.

Shan nono yana gajiyar da su. Wata uwa ta ce nata yana ja kaɗan sai gumi ya tsatsafo a goshinsa, sai ta koma ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, tana kai shi awo.

Magani a auna shi da sirinji a kan lokaci. Wurin ɗinki a bar shi a bushe, ba man kaɗanya, ba garin magani. Ni a ganina 'yan barka su yi haƙuri su wanke hannu, mai mura ya gaisa daga nesa, turaren wuta a fitar da shi waje.

Zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, numfashi da sauri, leɓe ya yi shuɗi, ko ɗinki yana ruwa: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.