Wilin tsohon keken Singer ya cije: in kwance shi in sake masa fenti?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna farfaɗo da tsofaffin kekunan ɗinki. Na samu kan Singer ƙirar 66K, irin wanda ake takawa da ƙafa, amma ya daɗe a ajiye har wilinsa ya cije, ba ya motsi gaba ko baya. Tsatsa ta kama sandar allura, zanen ruwan zinaren da ke jikinsa kuma ya fara dusashewa. Shin ya dace in kwance shi gaba ɗaya, in kankare tsohon fentin in fesa sabo?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye maganar fenti tukuna. Galibi abin da ke hana irin waɗannan kekuna juyawa shi ne tsohon man da ya bushe a gaɓoɓinsu ya daskare kamar ƙaro. Ka ɗiga kananzir a kowace kafar zuba mai da duk inda ƙarfe yake gogar ƙarfe, sama da ƙasa, ka bar shi ya kwana, sannan ka riƙa motsa wilin da hannu kaɗan-kaɗan, kana ƙara ɗumama wurin da na'urar busar da gashi idan ya ƙi saki. Kada ka kusance shi da guduma, domin jikinsa ƙarfen zubi ne, wanda tsagewa yake yi maimakon lanƙwasa. Idan ya saki, ka goge kananzir ɗin ka sa man keken ɗinki kawai, saboda man girki zai sake daskarewa. Ka kuma guji kwance sukurorin ƙugiyar da ke kama zare, domin idan saitinta da allura ya goce, mayar da shi aiki ne na gwani.

Mai Tara Kekuna:
Na goyi bayan Malam. Baƙin fentin nan gasa shi aka yi a masana'anta, aka manna zanen a kansa, sannan aka rufe da siririn shelak, wato wani shafi mai ƙyalli da ke kare zanen, kuma da zarar an kankare shi ba ya dawowa. Sifirit yana narkar da shelak, ruwa da sabulu mai ƙarfi kuma suna mayar da zinaren launin azurfa, don haka auduga da ɗigon man keke sun isa, a shafa a hankali ba tare da dirzawa ba. Harafin K da ke cikin 66K yana nuna cewa an ƙera keken a masana'antar Clydebank ta Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Lambar da ke gindin keken ta hannun dama ita za ta gaya maka shekararsa idan ka duba ta a jadawalin ISMACS, ƙungiyar masu tara kekunan ɗinki ta duniya.

Uwar Ɗinki:
Ni dai ban ga laifin sabon fenti ba idan tsohon ya ɓamɓare har ƙarfe ya fito, amma yadda ka kwatanta naka bai kai nan ba. Idan ka zo gwaji, ka sa sabuwar allura lamba 15x1, gefenta mai faɗi yana fuskantar dama, ka zura zare daga hagu. Da yawa suna zaton keken ya lalace saboda yana tsallake ɗinki, alhali allurar ce aka juya.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da kananzir ɗin, amma da me zan cire tsatsar sandar allura ba tare da na karce ta ba?