Ƙanena yana son ɗauko matarsa zuwa Amurka, amma shekara uku bai cike haraji ba

Baban Hafsat: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan ƙanena. Yana da girin kad, wato katin zama na dindindin a Amurka, yana zaune nan Bronx a New York, ya yi aure a Kano a 2023, yanzu yana son shigar wa matar takardu ta biyo shi. Matsalar haraji ce. Da dare yana tuƙa Uber, da rana yana aiki a wani gareji ana ba shi kuɗinsa a hannu. Daga 2022 zuwa 2024 bai cike komai ba. Wani ya ce masa ya nemi mai tsaya masa kawai, ba wanda zai waiwayi nasa harajin. Haka ne? Kuma wurin wa za mu nufa?

Abu Yasir: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya faɗa masa haka rabin magana ya ba shi. Ko an samu attajiri ya tsaya, mijin da kansa sai ya cike fom I-864, wato alkawarin ɗaukar nauyin matar, kuma fom ɗin yana tambayar abin da ya samu a shekaru uku na baya. Takardar harajin shekarar ƙarshe dole ce. Umarnin fom ɗin ya fito fili: in doka ta wajabta maka cike haraji ba ka cike ba, ka fara zuwa ka cike na bayan. Mai aikin kansa kuwa, da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara, ya shiga sahun waɗanda aka wajabta wa. To ina ɗan Uber zai tsaya ya ce ba da shi ake ba?

Ɗan Zango: Kuma Uber tana aika wa IRS, hukumar harajin tarayya, takardun 1099 masu nuna kuɗin da direbobi suka samu, duk shekara. Abin da ya samu a mota suna da shi a rubuce tun tuni.

Abu Yasir: Ƙwarai. Amma akwai sauƙi guda. Fom na farko, I-130, wanda ke tabbatar da cewa auren na gaskiya ne, ba ya neman takardar haraji. Dala 625 ne ta intanet, 675 in a takarda. Sai USCIS, hukumar shige da fice, ta amince, fayil ya koma NVC, cibiyar da ke tattara takardun biza, sannan ake neman I-864. Tsakanin nan watanni ne masu yawa, ga shi matar mai girin kad tana rukunin biza na F2A, wanda ke da layin jira. Ni dai da zan ce, ya shigar da I-130 yanzu, ya yi amfani da zaman jiran wajen wanke harajinsa.

Hajiya Babba: Baban Hafsat, kafin a yi nisa. Ya je Kano lokacin ɗaurin auren, ko wakili aka yi masa yana nan?

Baban Hafsat: Ya je, Hajiya. Har amarya ta tare kafin ya dawo.

Hajiya Babba: Madalla. Na tambaya ne don a dokar shige da fice ta nan, auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa wuri ɗaya ba ya tsayawa sai an nuna sun haɗu sun tare daga baya. Yaranmu da yawa ba su san wannan ba. Ya adana tambarin fasfo, tikitin jirgi, hotunan biki da rasiɗin kuɗin da yake aika mata.

Alhajin Harlem: Ni ina da wani mai cike haraji da ke yi wa mutane da sauri. Ka faɗa masa adadin da ake so, ya rubuta maka shi, ka biya abin da ya hau. Tunda kuɗin gareji ba rasiɗi, wa zai ce ƙari aka yi?

Malamin Lissafi: Alhaji, ka yi haƙuri, a nan ba zan bi ka ba. Takardar haraji da I-864 duka bisa rantsuwa ake sa musu hannu. Rage adadi laifi ne, ƙara shi don a kai ma'aunin kuɗin shiga da I-864 ke nema ma laifi ne, kuma na biyun ya fi muni ga matar, domin bizar da aka gina a kan bayanin ƙarya tana iya bin ta har ranar da za ta nemi zama 'yar ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ku lura da alama guda: duk wanda ya karɓi kuɗinka ya cike maka haraji, doka ta ce ya sa hannunsa da lambarsa ta PTIN, wadda IRS ke ba masu cike wa mutane haraji, a ƙasan takardar. In ya ce ka sa hannu kai kaɗai kamar kai ka cike, tashi ka bar masa ofis. Ranar da IRS ta aiko wasiƙa, sunanka kawai za ta gani.

Ga yadda zan bi da shi. Ya buɗe asusu a shafin IRS ya sauko da bayanin kuɗin shigar da aka kai rahoto da sunansa, shekara bayan shekara. Ya sauko da taƙaitaccen lissafin shekara daga manhajar Uber, har da yawan mil da ya yi. Kuɗin gareji kuma a sake gina lissafinsa daga abin da ke akwai: kuɗin da ya zuba a banki, saƙonnin waya tsakaninsa da mai garejin, kwanakin da ya yi aiki. A ƙiyasta da gaskiya, a ajiye takardar da ke nuna yadda aka kai ga adadin.

Sannan ya shirya wa abin da zai biyo baya. Harajin mai aikin kansa kashi 15.3 cikin 100 ne, ban da harajin kuɗin shiga na tarayya, ban da na jihar New York da na birni. Mai ribar dala 30,000 a shekara zai ga kusan dala 4,200 a wannan fannin kaɗai. Tarar rashin cikewa kashi 5 ce na harajin da ake bin sa a kowane wata har ta kai 25, ta rashin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce a wata, ga kuɗin ruwa a kai. Kun ga rashin cikewa ya fi rashin biya tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka kada rashin kuɗi a hannu ya hana shi cikewa. IRS tana yarda a riƙa biya wata-wata, da fom 9465 ko ta intanet, kuma takardar wannan yarjejeniyar abin nunawa ce.

Ɗan Zango: Malam, ka taɓo maganar mil. 'Yan tasi da yawa suna murna in mil ya cinye ribar, su ga haraji ya yi ƙasa. A 2024 santi 67 ne kowane mil. Amma a I-864 abin da ya rage bayan an cire kuɗin aiki ake dubawa, ba abin da Uber ta turo ba. Na ga wanda ya tara kuɗi sosai a mota, takardarsa ta nuna ɗan abin da bai kai ma'auni ba.

Malamin Lissafi: Haka ne. Maganinsa ba wasa da lambobi ba ne. A rubuta mil na gaskiya, in adadin ya gaza sai a cike giɓin ta hanyoyin da doka ta buɗe.

Baban Hafsat: Nawa ne ma'aunin?

Abu Yasir: Kashi 125 cikin 100 na layin talauci na tarayya, gwargwadon yawan mutanen gida. A jadawalin 2025, mutum biyu dala 26,437 ne. Duk shekara yana canzawa, a duba I-864P, jadawalin da USCIS ke fitarwa. In bai kai ba ana iya cikewa da dukiya, amma mai girin kad sai ya nuna ninki biyar na giɓin. Ɗan ƙasa da ke ɗauko matarsa ninki uku ne. Giɓin dala 6,000 kenan yana neman 30,000 a wurin ƙanenka. Kuma dukiyar da za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara guda. Kwasar adashi da aka zuba a banki ana jibi a tura takardu ba ta cika gamsar da jami'i ba.

Maman Khalil: To ai ga mafita a gida. Baban Hafsat, kai me zai hana ka tsaya masa?

Baban Hafsat: Na yi tunanin haka. Ni albashi nake karɓa, harajina a cike yake. Ni da uwargida da yara uku ne.

Maman Khalil: To ku biyar, da amarya shida. A jadawalin da Abu Yasir ya ambata dala 53,937 kenan, kuma albashinka ne zai kai, ba a haɗa rabi naka rabi nasa. Amma Yaya, ka zauna da Maman Hafsat ku karanta fom ɗin tare kafin ka sa hannu, don nauyin ba na kwana biyu ba ne. Yana nan a wuyanka har sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara aikin da ya kai kimanin shekara 10, ko ta bar ƙasar ta ajiye katin, ko rai ya yi halinsa. Saki ba ya sauke shi. In auren ya mutu, Allah Ya kiyaye, tana da damar kai ƙara a ciyar da ita, kuma in ta ci wasu tallafin gwamnati ana iya neman kuɗin a wurin waɗanda suka tsaya mata. Ban faɗa don ka ja baya ba. Ni a ganina dokar daidai ce, yarinya ce za ta baro iyayenta ta zo inda ba ta san kowa ba, ya kamata a ce akwai wanda za ta riƙe.

Hajiya Babba: Allah Ya yi miki albarka, Maman Khalil. Kuma a faɗa wa yarinyar halin da ake ciki. Ita za ta tsaya gaban jami'i a Legas, ita za a tambaya aikin me mijinki yake yi. Kada ta ce gareji, takarda ta ce Uber kaɗai.

Malamin Lissafi: Hajiya ta tuna min. Wanda ke da aure ranar 31 ga Disamba ba ya cike harajin wannan shekarar a matsayin marar aure, ko matar tana Kano. Na 2023 da na 2024 ya cike a matsayin mai aure. Ko dai shi kaɗai a ware, ko su haɗa da ita a nema mata ITIN, lambar haraji ta wanda ba shi da lambar Social Security, da fom W-7. Mutum ya ce wa USCIS yana da mata, ya ce wa IRS ba shi da ita, da hannunsa ya jawo wa aurensa tuhuma. Kuma kada a sa ɗan kowa a takardarsa don a samu rangwame.

Ɗan Zango: Ga kuma N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, na nan tafe in ya cika shekara 5 da kati. Akwai tambayar haraji a ciki. In ya gyara yanzu ya huta, in ya zama ɗan ƙasa kuma matar ta fita daga layin F2A.

Baban Hafsat: Na gode ƙwarai. To wa za mu fara gani, akanta ko lauya?

Abu Yasir: Duka biyun, kuma su san da juna. Na haraji ya zama mai lasisin CPA (akanta) ko EA (wakilin haraji da IRS ta amince da shi), su ne ke iya tsaya maka gaban IRS. Shirin VITA na taimakon cike haraji kyauta ne ga masu ƙaramin ƙarfi, amma ka tambaye su tukuna ko suna karɓar shekarun baya da lissafin mai aikin kansa. In rigima ta taso da IRS akwai ofisoshin LITC masu taimaka wa marasa hali. Na shige da fice kuwa, lauya mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, ba mai shagon buga takardu ba. Lauyan ya kuma duba muku matsayin biza a lokacin, don tun daga Yunin 2025 da aka sa Chadi da Sudan a jerin takunkumi, dokokin da suka shafi ƙasashenmu suna ta motsi.

Alhajin Harlem: Na ji bayanin Malam. A bi hanyarsa.

Baban Hafsat: In sha Allah yau da dare zan zauna da shi mu buɗe asusun IRS. Me zai riƙe in za shi wurin akanta?

Malamin Lissafi: Katin Social Security da girin kad, takardun 1099 na shekarun uku, lissafin Uber, bayanan banki na kowane wata tun Janairun 2022, takardar aure, da duk wata wasiƙar IRS ko ta jiha da ta taɓa zuwa, ko da bai buɗe ta ba. Ya roƙi akantan ya fara da ta shekarar ƙarshe, ita NVC za ta fara nema.