Muhawara: Awa biyu ta ishi Pride and Prejudice, ko sai kashi shida na BBC?

Malamar Adabi: Ga maganata, kuma a kanta na tsaya. Fim ɗin Pride and Prejudice na 2005, wanda Joe Wright ya ba da umarni, fim ne mai kyau, amma bai ɗauko labarin Jane Austen gaba ɗaya ba. Shirin BBC na 1995 ne ya ɗauko shi. Ku yi lissafi. Littafin da ya fito a 1813 babi 61 ne. BBC ta yi kashi shida, kowanne kusan minti 55, wato wajen awa biyar da rabi, kowane babi ya samu sama da minti biyar. Na 2005 awa biyu ne da 'yan mintuna, babi ɗaya minti biyu ke nan. Idan aka matse labari haka, abin da ke fara zubewa shi ne dalili. Sai ka ga Elizabeth, jarumar labarin, ta tsani attajiri Darcy, can kuma ta so shi, ba ka ga gadar da ta bi ta tsallaka ba.

Mai Rubutun Fim: Malama, ba a raba minti daidai wa daida tsakanin babi. A rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka Deborah Moggach, marubuciyar fim ɗin 2005, shafi ɗari da ashirin da wani abu take da shi. Hanyar da ta bi sananniya ce: a zaɓi idon mutum ɗaya, a yanke duk abin da bai gani ba. Ta zaɓi Elizabeth. Shi ya sa aka cire Mista Hurst da matarsa, aka cire Maria Lucas, aka rage zaman Jane, yayar Elizabeth, a Landan. Wanne a cikinsu ne rashinsa ya karya labarin? Babu.

Malamar Adabi: Waɗannan na yafe, Malam. Wickham fa, sojan da ya yi wa Elizabeth ƙarya a kan Darcy? Shi ne ginshiƙin kuskuren Elizabeth. Dole mai kallo ya ji daɗinsa, ya yarda da ƙaryarsa kamar yadda ita ta yarda, sannan wasiƙar Darcy ta zo ta kunyata su tare. Adrian Lukis na 1995 ya samu lokaci: hira a gidan 'yar'uwar mahaifiyar Elizabeth, yawo a hanyar Meryton, sallama kafin tafiya. Rupert Friend na 2005 fitowarsa ba ta taka kara ta karya ba. Mutumin da ba mu saba da shi ba, tonon asirinsa ba zai girgiza mu ba.

Edita: A nan Malama tana da gaskiya, kuma wasiƙar ita ce wurin da ya fi ba masu fim wahala. A littafi Darcy ya nemi aurenta a babi na 34, ta ƙi. Babi na 35 kusan duka wasiƙa ne. Na 36 kuma Elizabeth ce tana karantawa tana sake karantawa, tana auna kowace magana, har ta gane ita ce ta makance. Babi biyu ke nan babu motsi, sai takarda da tunani. Kyamara ba ta ɗaukar tunani.

Hanya uku ce a hannun mai tace fim. Ko a sa muryar marubucin wasiƙar a kan hoton mai karantawa, ko a koma baya a nuna abin da ya faru, ko a mai da wasiƙar hira baki da baki. Ta farko idan ta wuce minti biyu mai kallo ya fara duba waya. Ta uku tana ɓata hali, don Darcy mutum ne da ba ya iya faɗin irin wannan a gaban mutum, shi ya sa ya rubuta. Andrew Davies, marubucin shirin BBC, ya haɗa ta farko da ta biyu. Ya rufe kashi na uku da ƙin auren, ya buɗe na huɗu da Darcy yana rubutu cikin dare, muna ganin Wickham a Cambridge, muna ganin yadda ya so gudu da Georgiana, ƙanwar Darcy mai shekara 15, daga Ramsgate. Kuma kuɗin sun fito fili: fam 3,000 da Wickham ya karɓa a madadin muƙamin coci, da fam 30,000 na Georgiana da yake hari. Na 2005 ya tsai da Keira Knightley, wadda ta fito a Elizabeth, gaban madubi, rana ta faɗi, Darcy ya ajiye wasiƙar ya fita, murya ta karanta ɗan abin da ya samu. Hoton ya yi kyau matuƙa, amma babi na 36 bai shiga ba.

Mai Kyamara: Yaya Edita, ya shiga, sai dai ba da baki ba. Tsayuwar nan gaban madubi ita ce babi na 36: mace tana kallon kanta. Abin da mutane ke mantawa shi ne Wright da mai kyamararsa Roman Osin suna zuba bayani cikin hoto. Ku sake kallon daren rawa a Netherfield, gidan Bingley mai son Jane. Kyamara ta bi ɗaki zuwa ɗaki ba a yanke ba, ta wuce Mary, ƙanwar Elizabeth, da mahaifinta ya tashe ta daga kan fiyano, ta wuce uwarsu tana sakin baki a kan auren Jane, ta wuce Mista Collins yana neman Elizabeth. Abin kunyar dangin duka a ɗauka guda. Irin wannan ɗauka sai an jera kowane ɗan wasa da taku, an ɓoye fitilu inda kyamara ba za ta kama su ba, mutum ɗaya ya yi kuskure a sake daga farko. Sai kuma hannun Darcy da ya miƙe yatsunsa bayan ya taimaka mata hawa keken doki. Daƙiƙa kaɗan ne, amma a zamanin da namiji ba ya taɓa hannun mace sai da dalili, sun faɗi abin da shafi guda zai faɗa.

Hajiya Mai Ɗinki: Ni ta wajen sutura zan shigo. Dinah Collin ta ɗinka na 1995 a yayin shekarun da littafin ya fito: ƙugun riga a sama can ƙarƙashin ƙirji, yadi mara nauyi, hula idan za a fita. Wright ya mai da nasa baya zuwa ƙarshen shekarun 1790, lokacin da Austen ta yi rubutun farko, Jacqueline Durran ta sauko da ƙugu ƙasa, ta bar sabon yayi ga Caroline Bingley don a ga 'yar birni ce. Wannan dabara ce mai ma'ana, ba ni da ja. Inda nake ja shi ne ladabi. Elizabeth ta shiga Netherfield gashi a sake. A littafi mil uku ta taka a ƙasa, abin da aka yi gulma a kai shi ne laka a bakin siket da zuwanta ita kaɗai. Bingley ya shiga ɗakin da Jane ke kwance ba lafiya. Lady Catherine, 'yar'uwar mahaifiyar Darcy, ta zo Longbourn, gidan su Elizabeth, da tsakar dare, alhali a babi na 56 da safe ta zo, suka fita lambu suka yi maganar. Labarin nan duka a kan ƙa'idar mu'amala yake tsaye. In ka sassauta ta, gudun Lydia, autar su Elizabeth, da Wickham ba zai zama masifar da ya kamata ya zama ba.

Mai Rubutun Fim: To Hajiya, in ladabi ne ma'auni, 1995 ma bai tsira ba. Colin Firth, wanda ya fito a Darcy, ya faɗa tafki a Lyme Park, inda aka ɗauki Pemberley gidan Darcy, ya fito da jiƙaƙƙiyar riga ya yi kiciɓis da Elizabeth. Babu wannan a babi na 43. Davies ya ƙara Darcy yana wanka, yana wasan takobi, yana yawo a lungunan Landan neman Lydia. Na ƙarshen ma ya fi damuna, don a littafi ba mu san Darcy ne ya shirya auren Lydia da Wickham ba sai da bakin Lydia ya suɓuce, wasiƙar matar Mista Gardiner ta tabbatar a babi na 52. Davies ya nuna mana tun da wuri, ya kashe mamakin. Kuma Julia Sawalha da ta fito a Lydia mai shekara 15 ta girmi Jennifer Ehle da ta fito a yayarta.

Malamar Adabi: Na karɓi na tafki, ƙari ne. Amma ƙari daban, sauya hali daban. Ɗauki Mista Bennet, mahaifin Elizabeth. Kuɗin shigarsa fam 2,000 a shekara, gidan Longbourn an ɗaure gadonsa ga namiji, ranar da ya mutu Mista Collins ne zai karɓa, 'ya'ya mata biyar ba su da kaso a ciki. Abin da zai zo wa Elizabeth fam 1,000 ne bayan rasuwar uwarta, ribarsa fam 40 a shekara. Uban bai yi tanadi ba, ya shige ɗakin karatu yana yi wa matarsa dariya, kuma Austen ta kama shi da laifin a babi na 42. Benjamin Whitrow na 1995 ya nuna wannan sanyin zuciya. Donald Sutherland na 2005 ya zama uba mai taushi mai son matarsa, laifin ya ɓace.

Mai Kyamara: Amma Malama, wa ya fi nuna tsoron talaucin? Alison Steadman ta 1995 ta yi uwar da ihu har mai kallo ya ɗauke ta abin dariya kawai. Brenda Blethyn ta 2005 ta nuna macen da ta san kwanan 'ya'yanta a gidan ƙidayayye ne. Longbourn na 2005, wato Groombridge Place, ga shanya, ga kaji, ga alade yana wucewa. Da aka kai Chatsworth, wato Pemberley na 2005, sai ka ga tazarar fam 2,000 da fam 10,000 na Darcy da idonka. Charlotte, ƙawar Elizabeth mai shekara 27, ma a nan ne ta kare aurenta da Collins da zafin da ya dace.

Hajiya Mai Ɗinki: Tazarar ce aka zarce da ita, ɗana. Mai fam 2,000 a lokacin babban mutum ne a ƙauyensa, yana da masu aiki, matarsa ma ta yi alfahari a gaban Collins cewa 'ya'yanta ba sa shiga kicin. Hujjar Elizabeth a gaban Lady Catherine ita ce Darcy mai daraja ne, ita ma 'yar mai daraja ce, don haka daidai suke. In ka sa alade a ƙofar gidansu ka ba Lady Catherine gaskiya.

Edita: Akwai shaida guda da ba a kawo ba. Fim ɗin 2005 ƙarshe biyu gare shi. A Birtaniya ya tsaya a kan Mista Bennet cikin ɗakin karatu bayan ya ba da izini. Na Amurka an ƙara fitowa a Pemberley da dare, ma'auratan su biyu. Wannan yana nuna su kansu masu fim ɗin sun san akwai masu kallo iri biyu, masu neman labarin gida da gado da masu neman soyayya zalla. Wanda bai karanta littafin ba, ya fara da kashi na uku da na huɗu na BBC a jere, sannan ya kalli daga neman aure cikin ruwan sama a Stourhead zuwa wasiƙar a na 2005. Wuri ɗaya ne a labarin, kuma a nan zai ga abin da kowanne ya riƙe da abin da ya saki. Malam Mai Kyamara, in har yanzu kana ganin minti biyun madubi sun biya babi na 36, kawo mana inda Elizabeth ta 2005 ta amsa laifinta a kan Wickham.